Rumfar baje koli: yadda za ta tsayar da mai wucewa, kuma ta kawo ciniki bayan an watse

"Assalamu alaikum Malam. Ni ina Garwa a arewacin Kamaru, ina sarrafa man gyaɗa da garin kunun gyaɗa da yaji, kuma ina saro zuma daga Ngaundere ina ɗurawa a kwalba. Bara na kama rumfa a wani baje koli da aka yi a nan gari na kwana biyar, na jera kayana tsaf a kan tebur amma mutane sai wucewa suke, ɗan abin da na sayar ko kuɗin rumfa bai mayar ba, kuma har yau ba wanda ya kira ni. Bana ma an ce za a yi, mita uku sau uku za su ba ni. Don Allah ya zan gyara rumfar ta ja mutane, in kuma samu masu saye na dindindin? Kuɗina ba su da yawa."

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. In na fahimce ki da kyau tambayarki gida biyu ce, na farko ya za a yi mai wucewa ya tsaya, na biyu ya za a yi wanda ya tsaya ɗin kar ya ɓace miki bayan an naɗe tabarma. Mutane sun fi damuwa da na farkon saboda shi ido ke gani, amma kuɗin yana cikin na biyun. Ni aikina kenan, kafinta ne ni asali, daga baya na koma haɗa wa 'yan kasuwa rumfunan taro, istan kamar yadda muke cewa a nan, na yi a Garwa na yi a Marwa, kuma na sha bin kayan mutane a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde in je in kafa musu. Toh abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Baje koli dai ba sabon abu ba ne a wajenmu, an yi babban taron noma da kiwo na ƙasa a Marwa tun 1988, na Ebolowa kuma a 2011, ga PROMOTE da ake yi a Yawunde inda manyan kamfanoni ke zuba kuɗi a kan rumfa kamar ba gobe. Amma mu ƙananan 'yan kasuwa har yanzu da kan kasuwa muke shiga baje koli, kuma nan ne matsalar take farawa. A kasuwa, wanda ya zo layin 'yan mai ya san mai ya zo saye, ke dai ki zauna zai same ki. A baje koli kuwa mutum yawo ya zo, ya zo kallo da iyalinsa, wani ma kiɗa ya jawo shi, bai fito gida da niyyar sayen man gyaɗa ba. Kuma ki lissafa, mita uku taki huɗu ne ko biyar ga babban mutum. A cikin takun nan ne zai gane me kike sayarwa, ya ga ko ya shafe shi, ya yanke shawarar tsayawa. In bai gane ba ya wuce, kuma ba lalle ya sake biyowa ta layinki ba.

Teburin nan shi ne katanga

Ban ga rumfarki ta bara ba amma zan iya rantsewa haka take: dogon tebur a gaba ya tare ƙofa daga wannan gefe zuwa wancan, an lulluɓe shi da atamfa, kaya jere a kai reras, ke kuma kina baya a kan kujerar roba. Kusan kowa haka yake yi shi ya sa duk rumfunan suke zama iri ɗaya. Abin da teburin ke gaya wa mai wucewa shi ne in ka matso sai ka saya, shi kuma ɗan arewa da kunyarsa ba ya son ya tsaya gaban mace ya ɗaga kwalba ya tambayi kuɗi sannan ya ajiye ya tafi, sai ya gwammace ya kalla daga nesa ya wuce abinsa.

Ki ja teburin ya koma gefe ɗaya, a bar gaba a buɗe yadda mutum biyu za su shiga ba tare da sun gogi juna ba. Bangon baya ki sa kanta mai hawa uku ko huɗu, ba sai kin sayi komai ba, akwatunan katako in aka goge aka jera su bisa juna sun wadatar. Kayan da kike so a fi gani su zauna daidai ido, tsakanin ƙirji da fuskar mutum in yana tsaye, wanda ke ƙasa da gwiwa ba mai ganinsa, can ne wajen ajiyar katan. A bakin ƙofa kuma ɗan ƙaramin tebur mai tsayi, wanda ba zai ɗauki komai ba sai abin ɗanɗano da littafin rubuta lamba. Shikenan fasalin. In masu taron sun ba ki zaɓi, ki nemi rumfar kwana wadda take buɗe ta fuska biyu, ko wadda ke kan hanyar da mutane ke bi zuwa wajen abinci ko masallaci. Ki guji maƙwabtaka da lasifikar dandali, wlh na ga mutumin da ya yi kwana huɗu yana ihu a kunnen masu saye har muryarsa ta dishe. Ki kuma duba inda rana ke faɗuwa, don rumfar da ke kallon yamma a Garwa daga azahar zuwa la'asar tanda ce, ga mai da zuma ba sa son rana ta yi ta dukansu.

Sai maganar yawan kaya. Kina da abu huɗu, kar ki ba su matsayi ɗaya. Ki zaɓi guda ya zama shi ne amaryar rumfa, sauran 'yan rakiya. Da ni ne garin kunun gyaɗa zan sa gaba, dalili kuwa man gyaɗa da zuma za ki tarar da masu su da yawa a wajen, kuma shi kunu ana iya dama shi a ba mutum ya kurɓa nan take. Amaryar ki tara ta da yawa waje guda kamar dala, don kaya in sun yi tsibi suna kiran ido, in kuma guda bibbiyu ne warwatse sai su yi kama da ragowa.

Allo da rubutu

Kuskuren da na fi gani shi ne a cika allo da sunan kamfani da manyan baƙaƙe, Etablisma wance da 'ya'yanta, sannan abin da ake sayarwa a rubuta shi ƙanana a ƙasa. Hajiya ba wanda ya san sunan nan tukuna, abin da kike sayarwa shi ne zai hau sama da manyan baƙaƙe, kalma huɗu ko biyar, sunanki da lambar waya su biyo baya. A ɗaga allon ya wuce kan mutane, sama da mita biyu, don in an cika layi duk abin da ke ƙasa jikin mutane ya rufe shi. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in an buga bash ɗin, wato ledar da ake buga rubutun allo a kanta, sai in rataye shi in ja baya taki goma sha biyar, in ban iya karantawa ba a sake.

Harshe kuma ki yi tunani a kansa. Rubutu ki yi da Faransanci don shi yawancin masu karatu a nan suka koya a lakwal, wato makarantar boko, kuma shi ma'aikata da masu otal za su karanta, ki ɗan ƙara Hausa ko Fulatanci a ƙasa in da wuri. Amma da yawa daga masu sayenki ba rubutun za su duba ba, hoto za su duba, saboda haka hoto ɗaya babba mai kyau na kofin kunu yana tururi ya fi hotuna goma ƙanana. Launi biyu ya isa. Bangon baya ki sa yadi mara zane, fari ko ruwan ƙasa mai haske, don atamfa mai zane tana haɗiye kaya, kwalbar zuma a gaban atamfa ɓacewa take. In kina son kayan gargajiya, faifai da ƙwarya da ɗan zana a gefe suna ba da sha'awa kuma ba tsada, ki zuba ɗanyar gyaɗa a ƙwarya kusa da man, mutum ya ga daga inda abin ya fito.

Amma a nan bari in ba ki labarin kaina don kar ki wuce gona da iri. Akwai shekarar da na haɗa wa wani mai kayan fata rumfa a Marwa, na ce sai na burge, na yi mata ƙofa da siffar ɗakin Musgum irin na wajen Pus, mai tsini da zanen nan a jiki, na kwana uku ina fama da katako da buhu da fenti. Ta yi kyau kam ba ƙarya. Mutane suka yi ta tururuwa, sai dai hoto suke ɗauka a bakin ƙofar su wuce, masu hoton ma sun tare hanya, ƙofar kuma ta yi ƙunci cikin ya yi duhu ba mai ganin takalma da jakunkunan da ke ciki. Maƙwabcinmu da bai da komai sai tabarma da wani dattijo zaune yana ɗinka takalmi a gaban jama'a, shi ya kwashe cinikin. A rana ta uku da kaina na ɗauko zarto na yanke ƙofar. Tun daga ranar, duk adon da zan yi sai na tambayi kaina, wannan kayan yake nunawa ko kansa yake nunawa.

Kuma darasin dattijon nan ya shafe ki kai tsaye. Abin da ke motsi da abin da ke ƙamshi sun fi kowane allo tsayar da mutum. Ki zo da kunu a babban fulas, ƙananan kofuna na yarwa, rabin kofi ya isa. Zuma da ƙananan cokula, kowa da nasa, kar a maimaita. Yaji ki barbaɗa a kan ɗan ƙosai ko yankan kilishi. In masu taron sun yarda da wuta, soya gyaɗa kaɗan-kaɗan a gefe, ƙamshin zai yi miki talla har layi na uku, amma ki tambaya tukuna don wasu wuraren sun hana gawayi da gas saboda gobara. Mutum in ya karɓi kofi dole ya tsaya ya sha, kuma mutum biyu in sun tsaya na uku zai zo ganin me ake yi. Yara za su yi miki yawa, wannan ba makawa, ki ware musu lokaci ko ki ce sai da babba, cikin raha ba da tsawa ba don uwayensu na kallo.

Ki rubuta kuɗi a jikin kowane kaya. Na san 'yan kasuwarmu ba sa so, wai maƙwabci zai gani ya karya, toh maƙwabci ai zai aiko yaro ya tambaya ko kin rubuta ko ba ki rubuta ba. Wanda kike asara shi ne mai kunyar tambaya. Ki kuma yi ƙananan ƙulli na sefa 250 da 500, wanda ya zo kallo ba zai ɗauki lita biyar ya yi ta yawo da ita ba amma zai jefa ƙaramin ƙulli a aljihu, kuma kowane ƙulli lambarki na manne a jiki. Ki tanadi canji tun kafin ranar, kin san wahalar ƙananan kuɗi a ƙasar nan, sannan lambar Orange Money da ta MTN a rubuce ɓaro-ɓaro inda kowa zai gani.

Wuta da ƙura kar ki raina su. Yawancin jama'a sai rana ta yi sanyi suke fitowa, daga la'asar zuwa bayan isha'i, ƙwan fitila ɗaya da masu taro ke ratayawa a tsakiya kuwa ba ya komai sai inuwa. Ki samu fitilu biyu ko uku masu caji ko na sola ki haska kayan da allon, in aka sa haske a bayan kwalaben zuma sai ki ga suna walƙiya kamar zinariya. Ranar da wuta ta ɗauke kuma, rumfarki ce kaɗai za a gani a layin. In lokacin hunturu ne, tsumma mai ɗan danshi ya zauna a hannun yarinyarki, kwalba mai ƙura ko sabuwa ce tsohuwa take a ido. Bash ɗin a ɗaure shi ta kusurwa huɗu da waya, ba da igiyar leda ba.

Waɗanda za su tsaya a ciki

Duk abin da na lissafa, mutum ɗaya zaune yana latsa waya zai iya rushe shi. Ku zama ku biyu aƙalla, uku ya fi, a cikinku a samu mai Fulatanci sosai da mai Faransanci, in baƙi daga Kuseri ko Njamena na zuwa mai ɗan Larabci ma riba ne. Kujera ɗaya ko biyu kawai, su ma na baƙo ne mai maganar sari. Ɗaya ta tsaya a bakin rumfa daga gefe da tiren kofuna, kar ta ce "zo ka saya", ta ce "Alhaji ɗanɗana kunun nan ka gaya mana", ba wanda ke jin nauyin wannan. Lokacin salla da cin abinci a yi karɓa-karɓa kar a bar rumfa da maƙwabci. Sai abu mai wuyar faɗa, 'yan uwa da ƙawaye. Za su zo taya ki murna su cika rumfa a shimfiɗa hira, baƙo in ya hango majalisar mata ba zai kutsa ba. Ki gaya musu tun a gida, a gaisa a sha kunu a zaga.

Littafin lamba, inda kuɗin yake

Kin ce har yau ba wanda ya kira ki. Hajiya ba za su kira ba, ba don kayanki ba su da kyau ba, mutum ya koma gida da takardu goma a aljihu, gobe an wanke rigar da su. Ke ce za ki kira, don haka ke ce mai buƙatar lambarsu. Ki sayi kaye, wato littafin rubutu, mai kauri ki ja layi: suna, lamba, gari ko unguwa, sana'a, abin da ya nuna sha'awa a kai, da abin da kika yi masa alkawari. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, bayan kwana biyar ba za ki tuna waye ya ce a kai masa samfur shagonsa ba. Ke ko yarinyarki ku rubuta da hannunku, kar ki miƙa wa mutum biro. Ki ƙirga lambar a gabansa, tamu ta Kamaru tara ce tana farawa da 6, in ɗan Cadi ne ki sa 235 a gaba, ɗan Nijeriya 234, sannan ki yi masa filashin nan take, wayarsa ta yi ƙara kin tabbatar, shi ma lambarki ta shiga wajensa. Taki lambar da ke jikin allo da takardar kwalba ma ki karanta ta sau uku kafin a buga, na taɓa kafa wa wani bash da lamba ɗaya a juye, sai rana ta biyu muka lura.

Ba kowa za ki rubuta ba. Wanda ya sayi ƙulli ɗaya na gida, in ya yarda ki sa shi a jerin masu ganin sitatus ɗinki ya isa. Waɗanda kike farauta su ne mai shago, mai sari da ke kai kaya Yawunde ko Duwala ko ƙetaren gada zuwa Njamena, mai gidan abinci, mai otal, matar da ke harkar abincin biki. Tambaya ɗaya ke fito da su, "na gida ne ko na sayarwa?" In ya ce na sayarwa, ki zaunar da shi a kujerar nan, ki ciro takardar farashin sari wadda ba a manna a bango ba, katan nawa ne, mafi ƙarancin abin da za ki bayar, kwana nawa kike haɗawa, wa zai biya kuɗin mota. Ki ba shi samfur kyauta ki sa tauraro a gaban sunansa. Irin waɗannan sau da yawa da safe suke zuwa lokacin da ba cunkoso, saboda haka kar ki ce safiya ba mutane ki makara.

Kowane dare kafin ki kwanta ki ɗauki hoton shafin ranar da waya, littafi na ɓata. Masu tauraro ki tura musu saƙon murya a WhatsApp cikin kwana biyu ko uku, da harshen da kuka yi magana da shi, gajere, ki tuna masa ke ce mai kunun da ya sha, ga hoton kaya ga farashi. In kin sauke WhatsApp Business akwai wajen jera kaya da kuɗinsu da kuma alamar da za ki rarrabe masu sari da masu sayen gida, kyauta ne. Wanda bai amsa ba ki sake taɓa shi bayan sati, in yana cikin gari ki hau mashin ki je shagon da kanki da katan ɗaya ki ce a gwada. Kar ki zuba mutane a gurup ba da izininsu ba, fita za su yi kuma da haushinki.

Game da kuɗi tunda kin ce ba yawa, in ni ne zan fara ware na samfur da kofuna da takardar manna wa kwalba, sai allo ɗaya mai kyau wanda ba a rubuta sunan taron ko shekara a jiki ba don ki sake amfani da shi, sai fitilu, sai kuɗin kira da na mashin na bayan taro, wannan ki ɓoye shi kar ki taɓa. Kanta da tebur da yadi a aro ko a ɗauko na gida. Kakemono, wato dogon allon tallan nan mai tsayawa da ƙafarsa, da kafet da balan-balan su jira wata shekara.

Sai dai in gaya miki iyakar abin da rumfa za ta iya. Ba za ta gyara murfin da ke yoyo ba, kuma in mai babban kanti ya juya kwalba bai ga ranar da aka yi da ranar lalacewa da abin da ke ciki ba zai ajiye, wasu ma za su tambaye ki takardar ANOR, hukumar da ke kula da ingancin kaya, wannan kuwa ba fannin kafinta ba ne, ki je wajensu ko ofishin 'yan kasuwa na CCIMA ki ji daga bakinsu. Haka nan in masu taron ba su yi talla ba jama'a ba su zo ba, ba dabarar da za ta haifo mutane. Kuma kafin ki karɓi odar katan hamsin ki tabbata hannunki zai iya fitar da ita a kan lokaci, ki faɗi abin da za ki iya ko da kaɗan ne. Sati ɗaya kafin taron ki auna mita uku sau uku a tsakar gida ki zana da gawayi, ki jera komai yadda zai zauna, ki sa wani da bai san shirin ba ya wuce ta gaba da saurin tafiyarsa, sannan ki tambaye shi me ake sayarwa a nan. In ya yi inda-inda, ki turo min hoton mu duba tare.